Karan Awo na Goma

Ranar Talata da hantsi wani Bafulatani mai neman maraƙinsa ya shigo Dakoro da labarin da ya tsayar da hira a kowace rumfa: an tone ramin Gangaren Aduwa, ba a bar ko ƙashin yatsa a ciki ba.

Duk wanda ya mallaki hankalinsa a garin ya san ramin, sai dai ba mai son ambatonsa. Rijiya ce aka fara haƙa, ba a kai ga ruwa ba. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce aka sace raƙuman Elhaji Jimrau, babban mai safarar dabbobi. Ya tara 'yan banga, wasu na nan, wasu daga ƙetaren iyaka, suka afka wa wani zangon makiyaya da ke gangaren. Kafin la'asar an ce mutum tara sun mutu. Aka zuba su a ramin, aka mayar da ƙasa. Raƙuman kuwa, bayan wata biyu aka gan su a wata kasuwa can arewa, a hannun mutanen da ba su haɗa komai da zangon ba. Maharan ƙetare suka koma ƙasarsu, takarda ta bi su ta maƙale a iyaka, magana ta mutu. Mutanen gari suka koyi kauce wa hanyar, suka kuma koyi yin shiru, wanda shi ne ya fi sauƙi.

Sai bana wata lauya, Metir Nuriyya, ta zo daga Yamai ta tayar da zancen. Ta samo izinin a buɗe ramin, likitan da zai duba ƙasusuwan kuma saura kwana huɗu ya iso. A nan ne aka wayi gari rami wayam. Kafin azahar kowa ya gama yanke hukunci: aikin Elhaji Jimrau ne. Masu faɗin haka da ƙarfi su ne waɗanda shekara goma sha ɗaya suna gaishe shi da hannu biyu.

*

Lajidan Saminu na jandarma ya tarar da Arzika a ƙofar gida yana gyaran igiyar akuya. Arzika shi ne mai bin sawu na yankin. Ya haura sittin, idonsa na hagu ya soma hazo, amma har yau in aka sace saniya a Kornaka shi ake aiko wa mota. Ana cewa bai taɓa ɓata sawu ba. Shi kuwa duk sanda aka faɗi haka a gabansa sai ya nemi abin kallo a ƙasa.

"Baba Arzika, ka ji abin da anka yi," in ji Lajidan. "Ina so ka tashi mu tahi."

"Lajidan, idon ya tsuhwa."

"Tsohon idonka ya hi sababbi goma. Tashi."

Abin da Lajidan bai sani ba, kuma ba wanda ya sani, shi ne a duk Dakoro babu wanda ya fi Arzika son ƙasusuwan nan su ɓace.

Shi ne ya bi sawun raƙuman a waccan rana. Sana'ar tana da doka guda wadda mahaifinsa ya koya masa da ranƙwashi: in sawu ya shiga wuri, kada ka buɗe baki sai ka kewaye wurin ka ga ko ya fita. Ranar, ga zafi, ga maza ashirin da bindigogi a bayansa suna yi masa kirari, sawu ya shiga mashayar zangon, sai ya ɗaga sanda ya nuna. Bai kewaya ba. Da ya yi taku ɗari biyu da ya ga sawun ya fita ta arewa.

Wannan ɗaya ke nan. Na biyun ya fi ci masa rai. Kwana uku bayan kisan, wata mata ta zo ƙofar nan da yake zaune. Aisata sunanta. Ta tafi kai cuku kasuwa aka yi abin a bayanta, ta rasa miji da ƙanne biyu. Ba a ga 'yarta Haula ba, mai shekara uku, kuma ba wanda ya ce ya ga gawar yaro. Ta roƙe shi ya duba mata ƙasa. Ya je, ya kewaye zangon sau uku, yanzu da kewayen ba shi da amfani. Ƙananan sawun yarinyar suna nan tsakanin bukkoki, amma ba su fita ba, kuma babu sawun wanda ya fita da nauyin yaro. Ya dawo ya dubi fuskar matar, bakinsa ya kasa. Ya ce mata an ɗauki yarinyar an yi kudu da ita, da ranta.

Tun ranar Aisata ba ta koma daji ba. Ta zauna Dakoro tana sayar da nono, duk wanda zai ƙetare iyaka sai ta ba shi kwatancen yarinya mai tabo a goshi. In likita ya ƙirga kawuna ya samu goma, ƙaryar Arzika ta ƙare.

Ya ajiye igiyar, ya ɗauki sandarsa, ya shiga mota yana jin kunyar kansa, domin tun da aka kawo labarin da safe wani sanyi ne ya sauka a zuciyarsa.

*

Gangaren Aduwa fili ne na yashi, bishiyoyin aduwa huɗu, sai kufan zango. Ramin gaba biyu ne, an kwashe shi tas. Arzika ya hana jandarmomi matsowa, ya tsuguna.

Wanda ya yi aikin ya san rijiya. Ya tara ƙasa nesa da baki don kada ta zubo masa, ya sassaƙa matakai a jikin bango. Ba aikin kwana ɗaya ba ne: ƙasar gefe guda ta bushe har gizo-gizo ya yi saƙa, ta ɗaya gefen da sauran danshi. Sawun mutum kuwa babu, awaki sun tattake wurin kamar an ci kasuwa.

"Garke ya ɓata muna aiki," in ji Lajidan.

Arzika ya tsinci wani ɓawo ya juya shi. 'Ya'yan gawo ne, an ci an bar saura, ga su nan warwatse ko'ina. Babu gawo ko ɗaya a gangaren. Wani ne ya zo da buhu ya watsa, ya bar awakin masu wucewa su share masa sawu. Bai faɗa wa Lajidan ba.

"Ga taya!" wani jandarma ya ɗaga murya.

Sawun mota ne babba, da na takalma biyu: ɗaya na fata mai tsada, ɗaya na roba, mai shi yana jan ƙafar dama. Lajidan ya yi murmushi. Motar Elhaji Jimrau ce, mai jan ƙafar kuma Sa'adu ne, wanda ya jagoranci 'yan banga a waccan rana, yanzu yana sayar da gishirin dabbobi.

Arzika ya ga abin da su ba su gani ba. Tayar ta hau kan sawun awaki ne, ba awaki ne suka hau kanta ba. Motar ta zo bayan an gama komai. Lajidan ya ce a tafi. Doka ta ce a kewaye wuri kafin a bar shi, Arzika kuwa ya shiga mota ya rufe ƙofa.

*

Elhaji Jimrau ya karɓe su a zaure, ya sa aka kawo lemo mai sanyi. Mutum ne mai yawan tasbihi da yawan duba agogo.

"Na tahi, ba ni musu," ya ce. "Jiya da marece. Na ji ana za a tone mutane, na ce in je in yi musu addu'a."

"Shekara goma sha ɗaya ba ka yi musu ba sai jiya?" in ji Lajidan.

"Kowane alheri da ranarshi."

"Da shebur huɗu cikin mota? Direbanka ya hwaɗi."

Elhaji ya ajiye carbi. "To, na iske an riga ni. Walle ramin banza na iske. In niyya laihi ce, a kama rabin garin nan." Sai ya juyo kan Arzika da murmushin da ba na alheri ba. "Malam Arzika, kai ka san ni ban san hanyar wurin nan ba. Wani ya gwada mini ita."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Arzika ya bar lemon bai taɓa ba.

Sa'adu kuwa a rumfar gishiri suka same shi. Bai yi wahalar ƙarya ba.

"Elhaji ya ce in raka shi, na raka shi. Da na iske su da na kwashe, in kai su inda ko kura ba ta gani. Kun ji gaskiya." Ya tofar da goro. "Kuma ku bar wahal da kanku. Kotun yankin da lauyar nan ke hwaɗi, gwamnati take kira, ba ta kiran mutum. Ni Sa'adu ba ƙasa ba ne."

"Ranar da anka yi abin, wa ya sa su cikin rami?" Arzika ya tambaya. Bai yi niyyar magana ba, tambayar ce ta kuɓuce masa.

"Ina na sani? Mu mun gama mun tahi. Ba mu tsaya wankan gawa ba."

*

Maginan rijiya uku ne a garin. Biyu suna aiki Birnin Lalle tun bayan girbi, da shaidu. Na ukun shi ne Ɗangoggo, tsoho busasshe wanda ya fara haƙa ramin a wancan lokaci, aka biya shi rabi, abin ya faru, aikin ya tsaya.

Suka same shi kwance a kan tabarma a tsakar gida. Da Lajidan ya miƙa hannu, sai ya ba shi tsintsiyar hannu, kamar wanda ke cikin cin abinci, alhali babu kwano a kusa.

"Shekarata ukku ban shiga rijiya ba," ya ce. "Baya ya ƙi. Ku tambayi kowa."

"Wa kake jin zai iya aikin nan?"

"Duk wanda Allah ya ɗora ma."

Lajidan ya yi 'yan tambayoyi ya gaji. Tsohon ko tashi zaune da ƙyar ya yi. Arzika kuwa yana kallon sabuwar dangar karan dawa da aka ɗaure bana. An zare mata wasu karare a wuri guda, har wata akuya ta zura kai tana leƙen maƙwabta. Jakin gidan yana ɗaure a turke, kafaɗarsa da sabon gyambo. Da za su fita, idon tsofaffin biyu ya haɗu, kowa ya yi saurin kawar da nasa.

*

Washegari da safe Aisata ta zo gidan Arzika tare da Metir Nuriyya. Ta kawo masa ƙwaryar nono, kamar yadda take yi duk Salla da duk sanda ta ji ba shi da lafiya. Shekara goma sha ɗaya yana shan nonon da matar nan ke kawowa, bai taɓa wuce masa maƙogwaro da daɗi ba.

Lauyar mace ce gajera mai saurin magana, takardu a hammata kullum.

"Baba, bari in hwaɗa maka abin da ya sa nake ta da hankali," ta ce. "Mun taɓa kai maganar nan kotun yanki, ta haƙƙin ɗan'adam. Alƙalai sun saurare mu da kyau. Amma iyakarsu su yi magana da gwamnatoci. Ba su da ikon su ce wane, tashi tsaye, kai ka kashe. Kotunmu ta ƙasar nan kuma in ta nemi mutum, sai ya taka iyaka. Yanzu ana neman a ba kotun yanki ikon hukunta mutum da kanshi, in laihin irin wanga ne, na kisan jama'a da ƙetare iyaka da mutane. Ƙasashe ba su gama sa hannu ba. Wata ƙila shekara biyu, wata ƙila goma, wata ƙila ba mu gani ba. Amma ranar da kotun ta samu haƙora, ina so dosiye, wato kundin ƙarar, shina shirye. Ba ƙasusuwa, ba dosiye."

"To," in ji Arzika.

"Kuma maganarka tana ciki. Sace yarinya da ƙetare iyaka da ita. Ita ce ƙahwar da ta hi ƙarhi."

Aisata ta gyara mayafi. "Bana ta cika sha huɗu, Baba. Jiya na ga wata yarinya bakin pampo, na ce Haula ta kai haka yanzu. Wata ƙila ma ta hi ni tsawo, ubanta dogo ne." Ta yi ɗan murmushi. "Ka nemo mini mijina. Ita na san tana can."

Da ƙasa za ta tsage da Arzika ya shige. Bayan sun tafi ya daɗe zaune, ƙudaje suna bin bakin ƙwaryar. Lajidan ya riga ya gamsu da Elhaji da Sa'adu. In ya ce awaki sun cinye sawu, ba mai musa masa, zai mutu da sunansa, matar kuma ta ci gaba da jiran 'yarta. Har ya gaya wa ransa cewa wannan ma tausayi ne. Sai dai ya san irin tausayin, shi ne wanda ya yi shekara goma sha ɗaya da suka wuce, kuma kansa ya tausaya wa.

Ya ɗauki sanda ya nemi mai babur.

*

Wannan karon ya kewaya. Ya bar ramin, ya yi nesa da inda awaki suka tattake, ya soma zagaye a hankali, rana a gefen idonsa mai kyau. Yamma babu komai, arewa babu. Ta gabas, bayan wani tudun yashi, sawun amalanken jaki ya fito sarai, ya je ya dawo sau da yawa. A gefensa akwai sawun mutum ba takalmi, gajeren taku, dunduniya na nutsewa. Mai shi yana tafiya a ƙasa don ya sauƙaƙa wa jaki, ko kuma don yana ganin bai dace ya zauna a kan abin da ya ɗauko ba.

Tafiyar rabin awa ta kai shi wata ƙasa mai tauri a gindin wani tsauni. Nan ya tsaya.

Kaburbura ne a jere, an daidaita su da gabas, an yayyafa musu ruwa, an rufe da ƙaya saboda dila. A kan kowanne an kwantar da karan dawa, irin wanda ake auna mamaci da shi kafin a haƙa masa makwanci. Kararen duk suna da shaidar igiya a wuri ɗaya, inda aka ɗaure su a danga.

Abin da ya tsayar masa da numfashi tsawonsu ne. Ƙashin da ya shekara goma sha ɗaya a rami ɗaya ba ya aunuwa, ramin kamu uku ya ishe shi. Amma nan kowane kabari da nasa tsawon. Na farko dogo ne har sai da aka haɗa kara biyu. Ɗan haya zai haƙa rami guda ya huta. Wanda ya kashe kawuna yake ƙirgawa. Wanda ya yanke kararen nan da ka ya yanke su, domin ya taɓa rungumar mutanen ɗaya bayan ɗaya, tsawonsu ya zauna masa a jiki.

Ya ƙirga. A ƙarshen jerin akwai na goma, karansa bai wuce ƙugun mutum ba. Arzika ya zauna a ƙasa ya yi kuka irin na tsofaffi, wanda ba sauti.

*

Ya roƙi Lajidan ya tara kowa a wurin washegari bayan azahar. Mota biyu ta zo. Elhaji Jimrau ya tsaya nesa da carbinsa, Sa'adu ya jingina da mota. Aka sauko da Ɗangoggo a hankali. Arzika ya tsayar da Aisata da lauyar a farkon jerin, inda tudun ƙaya ya kare ƙarshensa.

"Elhaji da Sa'adu ba su ne sunka kwashe su ba," ya ce. "Tayarsu bisa sawun awaki take. Sun zo da mugun nuhi, sunka iske an riga su." Ya juya. "Ɗangoggo, buɗe hannunka."

Tsohon ya buɗe. Tafukan duk sun sale, wasu wuraren sun yi ruwa.

"Kwana goma sha shida na yi ina kwashe su," ya ce, ba wanda ya tambaye shi. "Ranar da anka yi abin ina cikin ramin nan ina haƙa. Na ji harbi na laɓe. Da sunka tahi, Elhaji ya dawo shi da Sa'adu, sunka hiddo ni, sunka ce in zuba su ciki in rufe, in na yi magana in bi su. Ni ɗaya na ɗauke su. Ba wanka, ba salla, wani bisa wani kamar buhunan gero." Ya dubi jerin kaburburan. "Da na ji za a zo a shimhiɗa su bisa leda a sa musu lamba, duniya ta ga yadda na zuba su, na ce a'a. Bari in gyara abin da na ɓata. Kowa na haɗa mishi nashi iyakar ganewata. Abin da na samu jikin kowa, harsashi ko laya, shina gehenshi."

"Ƙarya yake!" in ji Elhaji. "Tsoho ne ya ruɗe."

"Sa'adu ya ce mini ba su tsaya ba," in ji Arzika. "Amma ƙasa ta hwaɗa mini tun wancan lokaci cewa mota ta dawo. Na gani na yi shiru."

Metir Nuriyya ta dafe kai. "Baba Ɗangoggo, ka san ɓarnar da ka yi ma aikin likita?" Sai ta dubi jerin, ta sassauta. "Amma za ka maimaita abin da ka hwaɗi gaban alƙali?"

"Ko gaban wa."

Ta buɗe takarda tana rubutu da sauri. "Tara ke nan, da shaida mai rai."

"Goma," in ji Ɗangoggo a hankali.

Arzika ya taka zuwa ƙarshen jerin. Ya ɗauko ɗan gajeren karan, ya dawo, ya durƙusa a gaban Aisata, shi da ya isa ya haife ta.

"Aisata, ƙarya na yi miki. Sawun Haula bai hita zango ba. Na gani da idona tun ranar. Kuma ni na nuna musu zangonku da sandar nan, ban kewaya ba. Raƙuman sun wuce arewa, da na yi taku ɗari biyu da na gani. Ban iya duban idonki in hwaɗa ba, shi ya sa na ce an yi kudu da ita."

Ba ta yi ihu ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta karɓi karan ta juya shi. Sai ta tsayar da shi a ƙasa a gefen ƙafarta, ta ɗora tafin hannu a kansa, daidai inda uwa ke ɗora hannu in yaro ya rungumi cinyarta.

"Nan take kawo mini," ta ce. Ta dubi Ɗangoggo. "Ka auna daidai."

Ɗangoggo ya rufe fuska da hannayensa masu ciwo.

Arzika ya juya ga lauyar yana durƙushe. "Metir, ki cire maganar sace yarinya, ki sa ta cikin waɗanda anka kashe. Kuma ki rubuta sunana. Ba wajen shaidu ba. Can wajen su Elhaji."

Metir Nuriyya ta dube shi. "Zan rubuta abin da ka hwaɗi, Baba, kalma da kalma. Amma ban yi maka alkawarin hukunci ba. Su ma da sunka harba, kotun da za ta tsayar da su ba a gama haihuwarta ba, balle kai da ka nuna da sanda."

"To wa zai yanke mini?" Ya dubi Lajidan, Lajidan ya dubi takalminsa. Da gaske yake tambaya. Ya zo ne da wuyansa a miƙe, yana fata a ɗaure shi ya huta, sai ga shi babu mai karɓa. "Aisata, ke ki hwaɗi. Ko mi kinka ce na ɗauka."

Ta riga ta soma tafiya zuwa ƙarshen jerin, karan a rungume a ƙirjinta. Ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Ni ba alƙali ba ce, Baba Arzika. An ce kotu tana tahe." Ta gyara riƙon karan. "Ka jira ta. Ni ma shekara goma sha ɗaya na jira."